Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugabannin Al'ummar Hausawa A Gundumar Los Angeles

Zuwa ga shugabannin ƙungiyoyinmu, da malamanmu limamai, da iyayenmu mata masu riƙe da ƙungiyoyin mata da adashi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku. Ranku ya daɗe, na zaɓi in rubuto a fili ne maimakon in jira taron wata, saboda maganar ta shafi har waɗanda ba sa zuwa taro. Su ne ma ta fi shafa.

Kowa ya shaida, in aka yi rasuwa a cikinmu ba a kwana ba a haɗa kuɗin likkafani da na kabari ba. In aka haihu, tun kafin ranar suna an san wadda za ta yi waina da wanda zai nemo rago. Allah ya saka muku da alheri. Amma in yau da ƙarfe uku na dare wuta ta gangaro daga kan duwatsu, ko ƙasa ta girgiza lantarki ya ɗauke, wa zai nemi wa? Wa ya san gidan da tsohuwa ke kwana ita kaɗai da jikoki, mai gidan yana kan titi da motar haya, uwargida tana aikin dare a gidan kula da tsofaffi? Shirin jana'iza mun iya shi. Wannan shirin ne ba mu taɓa zama a kansa ba.

Ranar 7 ga Janairun 2025 iskar Santa Ana, busasshiyar iskar nan da ke gangarowa daga wajen hamada, ta taso da ƙarfin da ya wuce kilomita 130 a sa'a a wasu wurare. Da hantsi wuta ta kama a Pacific Palisades, bayan magariba wata ta kama a kwarin Eaton. Kafin a shawo kansu sun lashe gine-gine sama da 16,000, mutum 31 suka rasu. Masallacin Al-Taqwa na Altadena, wanda 'yan'uwanmu Musulmi baƙaƙen fatar ƙasar nan suka kafa shekaru da dama da suka wuce, yana cikin abin da ya ƙone.

Abin da ya faru a yammacin Altadena nake so ku duba da kyau. Wutar ta tashi jim kaɗan bayan ƙarfe shida na yamma, amma umarnin barin gida bai shiga wayoyin mutanen da ke yamma da titin Lake ba sai bayan ƙarfe uku na dare. Kusan duk waɗanda wutar Eaton ta kashe a wannan ɓangaren suke, da yawansu tsofaffi ne ko masu lalurar da ba za su iya fita da ƙafarsu ba. Yawancinsu 'yan ƙasa ne, Turanci harshensu ne, wasu a unguwar suka tsufa. Bayan kwana biyu kuma aka sake wani kuskuren: saƙon da aka nufi wata unguwa guda da shi ya faɗa wayoyin gundumar baki ɗaya, mai mutum kusan miliyan 10. To in na'urar hukuma tana makara tana kuskure ga haifaffen nan, ina ga gwaggonmu da ta zo daga Zariya ko Maraɗi taya 'yarta jego, wadda in wayarta ta yi wannan ƙarar sai ta miƙa wa jika ta ce ya kashe mata?

Na san wani zai ce abin da Allah ya ƙaddara babu makawa. Haka ne. Amma Allah ya gafarta malamai, ku kuka karantar da mu cewa an umarci mai raƙumi ya ɗaure abinsa sannan ya dogara ga Allah. Huɗuba guda daga bakinku a kan wannan za ta shiga inda takardun hukuma ɗari ba za su shiga ba.

Gobara mun san ta, kasuwanninmu na gida sun sha ta. Ambaliya ma ba baƙuwa ba ce; mai dangi a Maiduguri bai manta da Satumbar 2024 ba, lokacin da dam ɗin Alau ya ɓalle. Girgizar ƙasa kuwa yawancinmu a talabijin muka san ta, sai 'yan ƙananan nan masu kaɗa fitila, a yi dariya a tambayi juna a WhatsApp ko an ji. Wanda ya zo bayan 1994 bai ga babba a tsakiyar gari ba tukuna.

Ranar 17 ga Janairun waccan shekarar, ƙarfe huɗu da rabi na asuba, wata mai ƙarfin maki 6.7 ta taso daga ƙarƙashin yankin Northridge, daga wata tsagar ƙasa da masana ba su ma san da ita ba. Ba ta kai rabin minti ba. Aƙalla mutum 57 suka mutu, gadojin babbar hanya ta 10 suka karye. A wani gidan haya guda mai hawa uku an rasa mutum 16, saboda hawan ƙasa ya durƙushe na sama suka zauna a kansa. Kun san irin ginin: wurin ajiye motoci a ƙasa, 'yan siraran ginshiƙai, ɗakunan kwana a sama. Shi ne mai sauƙin haya, don haka shi ne gidan da yawa daga cikinmu. A 2015 birnin Los Angeles ya kafa dokar tilasta wa masu irin waɗannan gine-gine, kimanin 13,500, su ƙarfafa su. Sai dai gundumar garuruwa 88 ce, kowanne da majalisarsa, kuma ba duka suka bi sahu ba. Ɗan haya yana da ikon ya tambayi mai gida ko an ƙarfafa ginin. Kunya da tsoron a ce mun cika magana ne ke hana mu. Ƙungiya ta rubuta tambayar da Turanci a 'yar takarda, kowa ya miƙa wa mai gidansa.

Waɗanda suka koma Palmdale don arahar gida, su sani babbar tsagar San Andreas ta gefen garin ta bi, kuma rabon wannan ɓangaren nata da babban motsi tun 1857. Mutanen Inglewood da Long Beach su ma suna da tasu, wadda ta girgiza Long Beach a 1933 ta kashe fiye da mutum 100. A 2008 masana ƙarƙashin jagorancin Dokta Lucy Jones suka yi hasashen abin da zai faru in kudancin San Andreas ya motsa da maki 7.8: mutuwar mutum wajen 1,800, da gobara a unguwanni da dama lokaci guda. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne duk manyan magudanan da ke kawo wa yankin ruwa daga nesa sai sun tsallaka wannan tsagar.

Shi ya sa ruwa ne kan gaba. Gidan Bahaushe a nan ba ya rasa buhun shinkafa da jarkar mai da firiza cike da nama da markaɗen kayan miya, har mukan ɗauka mun fi kowa tanadi. Ɗanyar shinkafa ba ta ciyuwa in babu ruwa babu gas, naman firiza kuwa bayan kwana biyu ba wuta sai zubarwa. Ƙa'idar da hukumomi suka bayar ita ce galan ɗaya, kusan lita huɗu, ga mutum ɗaya a rana. Mafi ƙaranci na kwana uku, in da hali na mako biyu. Gida mai mutum shida galan 84 ke nan na mako biyu. Lissafin nan bai sa alwala da tsarki ba, don haka mu sai mun ƙara, ko da yake malamai za su tuna mana da taimama. Ba sai an saya rana ɗaya ba. Duk zuwa kanti a ƙaro galan biyu a tura ƙarƙashin gado. Abinci kuwa, abin da ba ya son murhu muna da shi tun asali: dabino, garin kwaki da sukari da gyaɗa, ƙuli-ƙuli, kilishi, madarar gari, kifin gwangwani da abin buɗe shi.

Iyayenmu mata, ku gafarce ni, zan taɓa falonku. Doguwar kabad ɗin nan ta gilashi da aka jere tangaran da kuloli da kofunan da ba a shan komai da su, ta fi mutum tsawo, a jingine take kawai, kuma a gindinta yara ke shimfiɗa su yi kallo har barci ya kwashe su. A girgizar ƙasa yawancin raunuka daga abin da ya faɗo wa mutum ne, ko gilashin da ya taka. A ɗaure ta da bango, ita da talabijin da kantar littattafai. Maɗaurin ba ya da tsada, aikin minti ashirin ne. Kaya masu nauyi su koma ƙasa. Allon aya mai gilashi da agogon bango su bar saman gado. Tankin dumama ruwa dokar Kalifoniya ta ce a ɗaure shi da bel na ƙarfe, kuma in ya tsaya da ƙafarsa galan 30 zuwa 50 ne na ruwa a ajiye. Kowane gado a sa takalmi mai rufi da tocila a ƙarƙashinsa, ba silifas ba.

In girgizar ta zo, abin da jiki zai ce wa Bahaushe shi ne ya yi salati ya zura waje. Salatin a yi shi, gudun ne a bari. A durƙusa, a shiga ƙarƙashin tebur mai ƙarfi, a riƙe ƙafarsa har ta lafa. Wanda ke kan gado ya zauna a nan ya rufe kai da filo. Ba a tsayawa bakin ƙofa, ba a shiga lif, kuma bakin gini daga waje, inda tagogi da bulo ke zubowa, ya fi ɗaki haɗari. Manhajar MyShake kyauta ce, takan ba da gargaɗin 'yan daƙiƙu kafin girgizar ta iso. Daƙiƙun sun isa a sauke tukunya daga wuta a janyo yaro. Bayan ta lafa kada a ƙyasta ashana, kada a kunna kyandir ko kaskon turaren wuta. In an ji warin gas, a juya makullin da ke jikin mita kwata ɗaya da sifana a fita, kuma kada kowa ya mayar da shi sai ma'aikacin kamfanin gas. Sifanar a rataye ta kusa da mitar, uwargida da manyan yara su san yadda ake yi, don mai gidan ba lallai yana nan ba. Gawayi da janareto a cikin gida kuwa, mun binne mutane da yawa a gida saboda hayaƙinsu, ba sai na tsawaita ba.

Maganar wutar daji kusan duka maganar tashi da wuri ce. Saƙo biyu ne ke shigowa waya. Evacuation Warning na nufin a shirya, Evacuation Order na nufin a fita yanzu. Gidan da ke da tsoho ko jariri ko mara lafiya, ko mota ɗaya ga mutum bakwai, ya tashi tun a na farko. A Palisades cunkoso ya tsayar da hanya har mutane suka bar motocinsu suka ruga da ƙafa, sai da aka kawo katafila ta ture motocin kafin 'yan kwana-kwana su wuce. Ranar da aka ba da gargaɗin iska mai haɗari, a cika tanki, a juya hancin mota waje, a koyi jan igiyar nan ja da ke buɗe ƙofar gareji in babu lantarki. Masu gidan kansu kusa da duwatsu su share busassun ganye daga indararo, su raba jikin gida da duk abin da ke cin wuta har ƙafa biyar, domin tartsatsin da iska ke ɗaukowa daga nesa ne ke cinna wa yawancin gidaje.

Jakar fita kuwa ba a fafe gora ranar tafiya. Ta zauna a bakin ƙofa da magungunan hawan jini da na suga, da caja, da rediyo mai batir, da takunkumin N95 saboda hayaƙi da toka, da kuɗi ƙananan takardu don na'urar cirar kuɗi ba ta aiki in wuta ta ɗauke. Sai takardu. Ba'amurke in fasfonsa ya ƙone ya cike fom a unguwarsu. Ɗan Najeriya ofishin jakadancinsa yana Washington, ƙananan ofisoshin suna New York da Atlanta, can ɗaya gefen ƙasar, wanda kuma shari'ar zamansa ke gaban hukuma rasa fayil ɗinsa ba ƙaramin tashin hankali ba ne. Fasfo, katin zama, takardun haihuwa da na aure da na makaranta su haɗu a jaka guda, a ɗauki hoton kowacce a tura wa amintacce a wata jiha. Hajiyoyi, gwal ɗin ma ya bar ƙasan akwati na bakwai. Kuma a gaya wa masu ɗar-ɗar cewa matsugunan Red Cross ba sa tambayar takardun zama. Kada tsoro ya sa wani ya kwana cikin hayaƙi da 'ya'yansa.

Ambaliya a garin da ake wata shida ba a ga ɗigon ruwa ba, sai a ga kamar wasa. Amma kogin Los Angeles da kuke gani kamar ƙatuwar kwata ta siminti, ambaliyar Maris ɗin 1938 ce, wadda ta kashe fiye da mutum 100, ta sa aka yi masa wannan rigar. A Fabrairun 2024 tsakiyar birnin ya sha kusan rabin ruwan shekara cikin kwana biyu, ƙasa ta zaftare a ɗaruruwan wurare. Kuma wuta ce ke share wa ruwa hanya: tudun da ya ƙone ba ya shan ruwa, sai ya sako laka da duwatsu. Haka aka yi a Montrose da La Crescenta daren sabuwar shekarar 1934, haka aka yi a Montecito na gundumar Santa Barbara a Janairun 2018, inda mutum 23 suka rasu. Duk mai zama gindin tudun da ya ƙone, damina biyu ko uku masu zuwa ba ta barci mai nauyi ba ce. Buhunan yashi ana bayarwa kyauta a tashoshin 'yan kwana-kwana. Direbobinmu masu neman na cefane cikin ruwan sama, inci shida na ruwa mai gudu yana kayar da babban mutum, ƙafa ɗaya tana ɗauke ƙaramar mota. Kuɗin fasinja ɗaya bai kai nan ba.

Inshora a taƙaice: ta mai gida ba ta biyan kayan ɗan haya, sai in ɗan hayar ya yi tasa. Kuma ta yau da kullum, ta mai gida ko ta ɗan haya, ba ta ɗaukar girgizar ƙasa ko ambaliya. Kowacce daban ake saye, ta ambaliya ta gwamnatin tarayya ma yawanci sai ta kwana 30 kafin ta fara aiki. Akwai masu shakkar halaccinta a cikinmu. Wannan fagen malamai ne, amma su yi mana bayani a fili, kada a bar kowa da zatonsa.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto muku ku, ban rubuta wa hukumar gunduma ba. Duk abin da na lissafa yana cikin takardun hukuma, wanda ya iya Turanci kuma yake da lokacin karatu zai same shi. Abin da hukuma ba za ta taɓa sani ba shi ne wane gida ne babu mota da dare, wa ke wankin ƙoda, wace baƙuwa ce ta sauka makon jiya ba ta san ko sunan titinsu ba. Ku kuka sani, ko kuma ku ne za a gaya wa ba tare da fargaba ba. Ina roƙon a buɗe kundi na amana a hannun mutum biyu ko uku da kowa ya yarda da su. Unguwa, yawan mutane, lalura, mota. Maganar takardun zama kada ta shiga ciki ko da harafi ɗaya, in ba haka ba babu wanda zai ba da sunansa, kuma da gaskiyarsa. Kowane gida a haɗa shi da gida biyu mafiya kusa da za su neme shi in abu ya faru, in waya ba ta shiga su je su buga ƙofa.

A kowane yanki a samu matashi guda da ya yi rajistar Alert LA County, tsarin saƙon gargaɗi na gunduma, wanda aikinsa shi ne da zarar saƙon hukuma ya shigo ya mayar da shi saƙon murya da Hausa, gajere: ga unguwar da ake nufi, ga abin da aka ce a yi. A irin wannan ranar masu kula da zauren WhatsApp su rufe bakin kowa sai nasa. Mun san halinmu, kafin a ce kwabo an cika zauren da bidiyon gobarar wata ƙasa da addu'o'in a tura wa mutum goma, saƙon da ake buƙata ya nutse. Kowane iyali kuma su tsayar da ɗan'uwa guda a wata jiha wanda kowa zai tura wa rubutaccen saƙo cewa yana lafiya, don rubutu kan wuce lokacin da kira ya ƙi shiga. Yara su haddace lambar, kamar yadda suka haddace Ƙulhuwallahu.

Hukumar 'yan kwana-kwana ta Los Angeles tana koyar da shirin CERT kyauta, tun shekarun 1980 ita ta ƙirƙiro shi: kashe ƙaramar wuta, taimakon farko, ciro wanda kaya suka danne. A tura samari da 'yan mata ko biyar ne. Duk Alhamis ta uku ta watan Oktoba jihar kan yi atisayen girgizar ƙasa; Islamiyyarmu ta yi nata a Asabar ɗin makon, iyaye da kakanni su ma su durƙusa, a yi dariyar a gama da ita. Iyayen adashi kuma, zagaye ɗaya kacal a ware shi don ruwa da tocila da maɗaurin kabad na gidajen da ba su da hali.

Abu na ƙarshe ba zai yi wa wasu daɗi ba. Mun warwatsu. Daga Palmdale zuwa Long Beach tafiya ce mai nisa ko hanya lafiya lau, balle gadoji sun karye. A sa'o'in farko wanda zai fara isowa ƙofarka shi ne maƙwabcin nan ɗan Meziko ko ɗan Koriya da kuka shekara kuna haɗuwa a matakala ba ka san sunansa ba. Kundin ƙungiya ba zai maye gurbinsa ba. Malamai su tuna mana haƙƙin maƙwabci bai tsaya ga mai jin Hausa ba. Naman layya na bana ya fara shiga ƙofar da ke kallon tamu, a karɓi lambar waya, a gaya masa akwai tsohuwa a ciki da ba ta jin Turanci.

Ranku ya daɗe, roƙona shi ne a sa wannan a farkon ajandar taro mai zuwa, kafin a shiga lissafin kuɗin Sallah, don in aka bar shi ƙarshe an watse. Rabin sa'a ya isa a zaɓi masu riƙe kundin da masu saƙon murya na kowane yanki. Wanda ke da na'urar huda bango ya zo da ita, a sa ranar da za a fara zagaya gidaje.

Allah ya tsare mu, ya ƙara muku lafiya da haƙurin jagoranci.

Wassalam.

Ɗan'uwanku, mazaunin gundumar Los Angeles.